Layya ta dawo cikin bazara: gishiri da kanwa ga ragon turke, nawa kuma yaya?

Duk mai kiwon turke ya san sallar layya ba ta tsayawa wuri ɗaya, kowace shekara takan matso da kwana 10 ko 11 bisa kalandar nasara. A 2024 ta zo tsakiyar watan Yuni, a 2025 ta zo farkonsa. Ta 2026 ƙarshen Mayu, ta 2027 wajen tsakiyar Mayu, ta 2028 farkon Mayu, ta 2029 kuma cikin Afrilu. Tun da ragon layya kan yi wata 3 zuwa 4 a turke, ke nan shekaru da dama a jere watannin ƙarshe na kiwo za su riƙa faɗowa cikin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi a Yamai, Ƙonni, Tawa, Maraɗi da Damagaram kan wuce digiri 40 sau da yawa, wasu ranaku ya taɓa 45.

Rabon da layya ta zo cikin waɗannan watanni tun wajen 1994 zuwa 2001. Da yawa cikin iyayenmu mata da ƴan'uwanmu da ke wannan sana'a yau, har da waɗanda suka fara da bashin asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ya samo tushe a jihar Maraɗi a 1991, sun koyi kiwo ne a shekarun da salla ke zuwa cikin ɗari ko bayan kaka, harawa na da arha, rago na ci da daɗin rai. Wancan lissafi ba zai yi aiki yanzu ba. Ga kuma zafin kansa yana ƙaruwa: ranar 3 ga Afrilu 2024, a garin Kayes na ƙasar Mali, an auna digiri 48,5.

Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna da ku a kan abin da kowa ke da shi a gida amma ba kowa ya san ma'auninsa ba, wato gishiri da kanwa da dutsen lasa. Suna taimakon rago ya jure zafi, wannan gaskiya ne. Amma in an ba da su ba bisa ƙa'ida ba, su ne kan kashe shi saura mako biyu salla.

Abin da zafi ke yi wa rago

Zafin jikin tunkiya mai lafiya yana wajen digiri 39. Ba ta yin gumi da yawa kamar mutum ko doki, babbar hanyarta ta fitar da zafi ita ce haki. Rago da ke kwance a inuwa cikin kwanciyar hankali yakan yi numfashi sau 20 zuwa 40 a minti. In rana ta take sai ya kai 80, ya kai 100, in abin ya tsananta ya wuce 200, ya buɗe baki, harshe a waje, miyau na dalala. Kowa na iya aunawa ba da na'ura ba: ku dubi kwiɓin rago, ku ƙirga motsinsa cikin sakan 15, ku ninka sau 4. In ya wuce 80 alhali yana cikin inuwa, yana shan wahala. In ya buɗe baki kuwa, abin ya zama na gaggawa.

Tumakinmu na Sahel, Balami da Uda da Ara-ara, Allah ya hore musu jure zafi fiye da masu ulu na ƙasashen Turai. Gashinsu gajere, ƙafafu dogaye, kunnuwa manya. Amma wannan baiwa ta tunkiyar daji ce mai yawo, wadda in rana ta yi zafi takan nemi gindin gawo ko aduwa ta kwanta. Ragon turke kuwa an ɗaure shi wuri ɗaya, kitse ya rufe shi kamar bargo, ga dussa da tunkuza da ake cika masa, narkewarsu cikin ciki ita ma wani zafi take haifarwa. Ragon da ya fi kyau a garke, shi ne zafi ya fi kamawa.

Abu na farko da yake yi shi ne rage ci. Uwargida za ta ga dussar safe tana nan har la'asar. Rago da ba ya ci ba ya ƙara nama, wani lokaci ma wanda ya tara ne yake zubarwa, alhali kuɗin harawa na fita kullum. Tunkiya mai shayarwa nononta kan ragu, mai ciki ta haifi ɗa ƙarami, ragon barbara kuma ƙarfin haihuwarsa kan ja baya har makonni bayan zafin ya wuce.

Ta ina gishirin jiki ke tsiyaya?

Akwai sinadarai cikin jinin dabba da ke riƙe ruwa a jiki, su sa jijiyoyi da tsoka da zuciya su yi aiki daidai. Manyansu su ne sodiyom, wanda shi ne ke cikin gishiri da kanwa, da fotasiyom, wanda ya fi yawa cikin ganye da harawa.

Lokacin da rago ke haki da sauri, yana fitar da iskar da ke daidaita tsamin jini fiye da kima. Don a gyara wannan sai ƙoda ta shiga zubar da wani sinadari ɗan'uwan kanwa, wanda likitoci ke kira bikarbonat, ta cikin fitsari, sodiyom da fotasiyom su bi shi. Ɗan gumin da yake yi shi ma yana tafiya da fotasiyom.

Sannan ga maganar miyau. Miyan tunkiya cike yake da wannan bikarbonat, kuma shi ne ke kashe tsamin tumbi duk sa'ad da take tuƙa tana haɗiya. Rago mai haki ba ya tuƙa sosai, miyan da ya kamata ya koma ciki yana zuba ƙasa. In aka haɗa wannan da dussa mai yawa ko hatsi, sai tumbi ya yi tsami, rago ya daina ci gaba ɗaya, ya kama zawo, wani ya kumbura, wani ƙafafu su yi masa ciwo. Ga shi ya rage ci, saboda haka abin da ke shiga ya ragu daidai lokacin da abin da ke fita ya ƙaru.

Alamar da za ku gani ita ce rago na lasar bango, yana cin ƙasa, yana tauna igiya, tsumma ko leda. Sau da yawa neman gishiri ne ko wani sinadari da ya rasa. Ledar da ya haɗiya kuma ba ta narkewa, mahauta sun sha ciro ta dunƙule cikin tumbi.

Ba baƙon ilimi ba ne a ƙasarmu

Nijar ƙasar gishiri ce. Ayarin raƙuma ya daɗe yana ɗauko kantu da beza daga Bilma da Fashi zuwa kasuwannin kudu, kuma kantu tun asali don bisashe ake yin sa. Akwai jan gishirin Tegidda, akwai manda da kanwar ƙasar Manga, akwai kanwar Dallol Boso da gishirin Foga. Kowace shekara ƙarshen damina, makiyaya Buzaye da Fulani kan kora garkunansu zuwa filayen Ingal don su ci ciyawa su sha ruwa mai gishiri, abin da ya zama bikin da duniya ta sani. Makiyayi bai taɓa jiran wani ya gaya masa cewa dabba na bukatar gishiri ba.

Bambancin shi ne, dabbar makiyayi ciyawa take ci tana tafiya, gishirinta kuma lokaci zuwa lokaci ne. Ragon turke abincinsa daban, zamansa daban, saboda haka ma'auninsa ma daban ne.

Gishiri: ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu

Babban rago na bukatar gishiri wajen giram 5 zuwa 10 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya zuwa biyu. In kuka lissafa, kilo ɗaya na gishiri ya ishi rago ɗaya kwana 100, ko raguna 10 kwana 10. Babu wani abu cikin kayan kiwo da ya kai shi arha.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye guntun kantu ko dutsen lasa a inuwa kusa da rago, a ɗaga shi daga ƙasa don kada fitsari da kashi su ɓata shi, rago ya lasa gwargwadon bukatarsa. Wanda ya fi son haɗawa da dussa sai ya auna da cokali, kada ya ɗiba da tafin hannu. Amfanin gishiri biyu ne lokacin zafi: yana mayar da sodiyom da ya zuba, kuma yana sa rago ya ƙara shan ruwa, wanda shi ne babban abin da muke nema.

Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma ba a wasa da shi: ba a ba da gishiri sai da ruwa a gaban dabba. Ragon da ya ci gishiri da yawa sannan ya yini ba ruwa, gishirin kan zame masa guba, ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya riƙa tangaɗi yana zagaye, ya faɗi yana shure-shure. Haka kuma ragon da ya daɗe bai ga gishiri ba, kamar wanda aka sayo daga ƙauye jiya, kada a zube masa gari a kwano ya ci son ransa. A fara da kaɗan, a ƙara sannu cikin mako guda.

Kanwa: magani ce, kuma tarko ce

Wasu na ɗauka kanwa fotasiyom ce, don Turawa kan kira ta da suna mai kama da haka. Ba haka ba ne. Mafi yawan abin da ke cikin kanwa sodiyom ne, haɗe da bikarbonat da ɗan'uwansa mai kaifi, sai gishiri da yashi. Saboda haka aikinta na gaskiya shi ne kashe tsamin tumbi, wato ta maye gurbin miyan da ya zuba. A manyan gidajen kiwo na ƙasashen waje, bikarbonat ɗin kanti ake sa wa abincin dabbobi lokacin zafi don wannan dalili, wajen giram 10 cikin kilo ɗaya na abinci.

Kanwarmu ta fi wancan kaifi, kuma ƙarfinta ba ɗaya ba ne: jar kanwa daban, fara daban, ungurnu daban, ko cikin buhu ɗaya wani dunƙule ya fi wani. Shawararmu ita ce kada ta wuce ƙaramin cokali ɗaya na garinta a yini ga babban rago, a gauraya cikin dussa. In ana ba da kanwa kuma a rage gishiri, tun da dukansu sodiyom ne. Masu jiƙa ta cikin ruwan sha, to lallai su ajiye wani bokitin na ruwa zalla a gefe, don in ruwa ya yi ɗaci rago kan rage sha, an yi gyaran gangar auzinawa ke nan.

Ga inda tarkon yake. Dussa, musamman ta alkama, tana da sinadarin fosfor mai yawa, kalsiyom kuma ɗan kaɗan. Fosfor ɗinta ya ninka kalsiyom wajen sau 8. Alhali rago na bukatar kalsiyom ya ninka fosfor sau 2. Rarar fosfor na fita ta fitsari, in fitsarin ya yi kauri saboda ƙarancin ruwa sai ya fara ƙulla tsakuwa kamar yashi cikin mafitsara. Wannan tsakuwa ta fi saurin ƙulluwa cikin fitsarin da ba shi da tsami, kanwa kuwa aikinta ke nan, kashe tsami. Dussa da yawa, kanwa da yawa, ruwa kaɗan: waɗannan uku in sun haɗu cikin bazara, su ne ke toshe wa rago fitsari. Tunkiya ba ta cika samun wannan ba don hanyar fitsarinta gajera ce mai faɗi. Ta rago doguwa ce, siririya, mai lanƙwasa, kuma ta ƙare da wani ɗan bututu kamar zare inda tsakuwa kan maƙale.

Alamomin su ne: rago na yunƙurin fitsari ba ya fita ko yana ɗiga kaɗan-kaɗan, yana miƙe jiki, yana harbin cikinsa da ƙafa, yana cizon haƙora, wani lokaci a ga farin gari kamar gishiri a gashin gabansa. Wanda ya ga haka ya ruga wurin likitan dabbobi a ranar, don cikin kwana 1 zuwa 2 mafitsara na iya fashewa. Kada a ce bari a ɗura masa kanwa ta wanke shi, ƙara wa wuta mai ne.

Rigakafin ba shi da wuya. Kada dussa ta zama ita ce abinci, harawa ta zama ɗanɗano. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyom mai yawa, suna da fotasiyom ɗin da kanwa ba ta bayarwa, kuma suna sa rago tuƙa. A ƙalla rabin abin da rago ke ci a yini ya zama harawa, ciyawa, kowar wake ko karmami. Wanda harawa ta yi masa tsada ya dogara ga dussa, ya tambayi malamin dabbobi yadda zai ƙara kalsiyom da garin dutsen farar ƙasa wanda ba a ƙona ba, ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka. Ban da farar ƙasar shafe ɗaki, wannan tana ƙona baki da ciki.

Dutsen lasa na kanti: ku karanta takarda

Gishiri da kanwa ba su ƙunshi kome da kome ba. Akwai wasu sinadarai da jiki ke bukata ɗan mitsitsi, kamar zinki da seleniyom da kobal, waɗanda ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewar da zafi ke jawowa. A kan waɗannan an yi bincike na gaske. A 2014, masana na cibiyar binciken tumaki da ke Avikanagar a jihar Rajastan ta Indiya, ƙasa mai zafi da fari irin tamu, sun buga sakamakon gwajin da suka yi da tumakin Malpura: waɗanda aka ƙara wa haɗin zinki, kobal, kromiyom, seleniyom da bitamin E sun fi jure zafin da aka sa su ciki. A wannan shekara dai, a jami'ar Melbon ta Ostareliya, an nuna cewa ƙarin seleniyom da bitamin E ya rage wa tumaki haki da wahalar zafi. Amma a lura, ragewa suka yi, ba su kawar da ita ba, kuma da ma'aunin awon zinariya aka auna abin da aka ba su.

Hanyar da talaka zai samu waɗannan ita ce dutsen lasa da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi. Sai dai a nan ma akwai abin lura babba, wato tagulla. Shanu da kaji na jure tagulla mai yawa cikin abinci, tunkiya ba ta jurewa. Takan tara ta cikin hanta sannu a hankali, makonni ko watanni, ba wata alama. Ranar da wahala ta same ta, kamar zafi mai tsanani ko doguwar tafiya a mota, sai hanta ta sake ta gaba ɗaya cikin jini: idanu su yi rawaya kamar mai shawara, fitsari ya yi ja ya koma baƙi-baƙi, cikin kwana biyu ko uku dabba ta mutu. Saboda haka ku dubi takardar da ke jikin dutsen, ko ku sa yaro ɗan lakkwal ya karanta muku. In an rubuta « ovins », na tumaki ne. In « bovins » kaɗai aka rubuta, na shanu ne, ku bar shi. Kuma kada a ba rago abincin kaji don a ce yana sa ƙiba da sauri.

Seleniyom shi ma tsakanin amfaninsa da gubarsa tazara kaɗan ce. Allurarsa aikin likita ne. Kwalabe da ƙulle-ƙullen gari da ake tallarsu a rana tsakiyar kasuwa, ba suna, ba ranar lalacewa, ana cewa bitamin ne mai sa rago ya cika ido cikin mako guda, ku yi nesa da su. Ko na kirki ne, bitamin ba ya jure zama cikin rana.

Akwai kuma tubalin abincin dabbobi da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta ƙirƙiro, wanda ƙungiyoyin mata da matasa suka koyi bugawa a wurare da dama. Ana niƙa kara da harawa da ƴaƴan gawo, a haɗa da dussa, tunkuzar auduga, gishiri, dutsen farar ƙasa na Malbaza da fosfat na Tawa, a ɗaure da garin rogo ko ƙaro, a matse a shanya. Amfaninsa shi ne an riga an auna sinadaran a ciki. Mai saye ya tambaya ko an sa gishiri, don kada ya ninka. Wani irin tubalin kuma ana sa masa takin ure. Wannan lasa kawai ake yi, ba a jiƙa shi, ba a farfasa shi, ba a ba ɗan rago da bai fara tuƙa ba.

Ruwa da inuwa ne uwa, gishiri ɗa ne

Duk abin da muka faɗa a sama ba ya aiki in babu ruwa. Babban rago cikin bazara na iya shan lita 6 zuwa 10 a yini. Al'adar shayarwa sau ɗaya da rana ta kiwon daji ce, ba ta dace da turke ba. Ruwa ya zauna gabansa dare da rana, a inuwa, a sake shi in ya ɗumama ko ya ƙazantu. Ruwan da ya yini cikin bido a rana, ko mutum ba ya iya shansa. Na randa ko tulu ya fi, kuma mai raguna 10 ya san cewa bido 4 na lita 25 ne lissafinsa na kullum, ya shirya da mai ruwa tun kafin famfo ya fara yankewa.

Rumfar kwano mai gajeren tsayi murhu ce. In ita ke akwai, a shimfiɗa kara ko zana a kanta, a buɗe gefe biyu iska ta ratsa. Rumfar zana mai tsayi ko gindin bedi sun fi ta nesa. A duba kuma inda inuwa ke komawa: turken da ke cikin inuwa da hantsi yana iya zama tsakiyar rana da azahar, igiya kuma ba ta kai rago inda inuwar ta koma.

Lokacin ba da abinci ma a sauya shi. Dussa da tunkuza a raba su biyu, kaɗan da asuba, mafi yawa bayan la'asar sakaliya, don zafin narkewarsu ya faɗo cikin sanyin dare. Tsakar rana a bar masa ruwa da ƴar harawa. Dussar da aka jiƙa kada ta yini, zafi na sa ta tsami cikin awoyi kaɗan.

In rago ya faɗi don zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa kai da wuya da ƙafafu da ƙarƙashin ciki da ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a ajiye ruwa gabansa ya sha da kansa kaɗan-kaɗan. Kada a ɗura masa kome yana haki, ruwan kan bi ta hanyar iska ya shiga huhu. Kuma ba kowane haki ne na zafi ba: in akwai majina, tari, ƙuraje a baki ko zawo, ko kuwa hakin bai sauka ba har dare ya yi sanyi, cuta ce, gishiri ba ya maganinta. Ragon da za a turke a yi masa rigakafi da maganin tsutsar ciki tun ranar da ya shigo gida.

Ga alhazai masu lodi da dillalai

Mafi yawan asarar ƴan kasuwa a hanya take faruwa. Rago ya baro Abalak, Badagishiri, Dakwaro ko Tasawa cikin kamyo, an cusa shi cikin ƴan'uwansa, ya yi awoyi ba ruwa kafin ya iso Turaku a Yamai, sannan ya yi kwanaki tsaye a rana yana jiran mai saye. Wanda ya yi kyan gani ranar lodi sai ya iso kwiɓi a faɗe, ido a zurme, mai saye ya taya shi da rashin daraja.

A shayar da su sosai kafin lodi, a ba su harawa, amma kada a cika musu dussa, kada kuma a ba su gishiri ko kanwa a ranar tafiya, tun da ba ruwa a mota. A yi lodi da yamma a yi tafiyar dare inda hanya ta ba da hali. A rage yawansu cikin mota. Kuɗin rago biyu da aka bari a ƙasa bai kai asarar ɗaya da ya mutu a tsakiya ba. Motar da ta tsaya a rana ta fi mai tafiya haɗari, don iska ba ta shiga, saboda haka takardun dabbobi su zama a shirye kafin a kai shingen bincike. In an sauka, ruwa zalla da farko, kaɗan-kaɗan, sannan harawa. Dutsen lasa sai sun huta sun ƙoshi da ruwa.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a bari, ta ɗura wa rago ruwan kanwa ko na gishiri da safen kasuwa don ciki ya cika ya yi kama da mai ƙiba. Ha'inci ne ga mai saye, kuma sau da yawa ragon kan kama zawo ko ya faɗi kafin a yi ciniki, asarar ta dawo kan mai shi. Masu saye kuma, ku taɓa gadon baya da gindin wutsiya da ƙirji, can nama yake. Ku ɗan tsaya ku ga ragon ya yi fitsari in da hali.

A yi lissafi tun yanzu

A ce uwargida ta sayi rago jikka 60, ta kashe masa jikka 30 na abinci cikin wata 3, tana sa ran ta sayar ta biya bashin asusu ta samu na kayan sallar yara. Kilo ɗaya na gishiri, ƴar kanwa, dutsen lasa guda na tumaki da zana biyu na rumfa, dukansu kuɗinsu kaɗan ne. Su ne kuma ke tsakanin ragon da ya ci gaba da ci har ranar kasuwa da wanda ya rame, ko ya mutu da jikka 90 a cikinsa. Ramammen rago ko marar lafiya, ko mai layya ba ya karɓarsa.

Mata masu asusu ɗaya na iya haɗa kuɗi su sayi buhun gishiri da dutsen lasa a sari, su gayyaci malamin dabbobi na garinsu ya zo ranar taro ya duba ragunansu gaba ɗaya, ya auna musu cokalin da za su riƙa amfani da shi. Wanda zai turke rago don layyar da ke tafe, ya tanadi harawa tun da kaka tana da arha, ya gyara rumfa tun cikin Fabrairu, kada ya bari sai rago ya buɗe baki. Allah shi ba da sa'ar kiwo, shi kawo kasuwa mai albarka.